Fim da juyin juya hali: wa ke ba da labarin, kuma a ina yake tsayar da shi?

Shin fim yana iya tunzura mutane su fito titi, ko kuwa nishaɗi ne kawai da masu mulki ke tsorata da shi a banza? Tambayar nan tana dawowa duk lokacin da aka ga masu zanga-zanga da wata alama da suka aro daga sinima. A 2014, bayan sojoji sun ƙwace mulki a Tailan, ɗalibai suka riƙa ɗaga yatsu uku kamar yadda suka gani a wani fim ɗin Amurka, The Hunger Games, har aka tsare wasunsu a kan haka. A 2021 'yan Myanmar suka ɗauki alamar. Can baya kuma, a 2003, ma'aikatar tsaron Amurka ta tara jami'anta suka kalli wani tsohon fim marar launi game da yaƙin Aljeriya, alhali sojojinta suna cikin Iraƙi.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan. Wasu suna ɗaukar irin waɗannan fina-finai a matsayin tarihi tsantsa, abin da suka gani shi ya faru. Wasu kuma suna cewa ai duk ƙarya ce da farfaganda. Kowane ɓangare ya kama gefe guda ya saki sauran. Yawancin manyan fina-finan gwagwarmaya ba sa ƙirƙirar tarihi daga sama. Abin da suke yi shi ne zaɓe. Su zaɓi wanda za a bi da kyamara, su zaɓi wanda za a manta da shi, sannan, wanda ya fi duka nauyi, su zaɓi ranar da labari zai tsaya.

Wane irin tashi ake nufi?

Zanga-zanga fitowa ce ta neman hukuma ta gyara wani abu. Bore ya wuce nan, an daina bin umarni, wani lokaci har da makami. Juyin juya hali kuwa shi ne a tumɓuke tsarin gaba ɗaya, wanda ke mulki da yadda ake mulkin da yadda ake rabon arziki. Juyin mulki daban ne, aikin tsirarun masu bindiga ne da dare, ko da yake masu yinsa suna son a kira shi da babban suna.

A allon sinima duk waɗannan kama ɗaya suke yi: cincirindon jama'a, tuta, hayaƙi, layin sojoji. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka kalli Les Misérables na 2012 suka tashi da zaton sun ga juyin juya halin Faransa na 1789, alhali boren da ke cikin labarin na watan Yunin 1832 ne, wanda aka murƙushe a Paris cikin kwana biyu, bai sauya komai ba a lokacin.

Matakalar Odessa: inda aka kafa salon

Kusan duk wata fitowa ta harbin masu zanga-zanga da ake gani a fim yau, jikar wata fitowa ce da Sergei Eisenstein ya ɗauka a 1925 cikin Battleship Potemkin. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ce ta ba shi aikin don cikar shekara 20 da boren 1905. Labarin na sojojin wani jirgin ruwan yaƙi ne da suka yi wa hafsoshinsu tawaye bayan an ba su nama mai tsutsa.

A fitowar da ta yi suna, mutanen birnin Odessa sun taru a wata doguwar matakala suna yi wa jirgin maraba. Sai ga sojojin sarki daga sama. Da ƙyar ake ganin fuskokinsu. Takalmansu ake nunawa suna saukowa taki ɗaya, da bakin bindigogi a jere. Su kuwa mutanen ƙasa kowa da fuskarsa: uwa ta ɗauki ɗanta da aka harba ta nufi sojojin tana roƙo, keken jariri ya suɓuce yana gangarowa shi kaɗai, wata dattijuwa gilashin idonta ya fashe jini na zuba. Eisenstein ya yayyanka hotunan gajeru-gajeru ya jera su yadda abin da zai ɗauki minti ɗaya ya miƙe ya zama kamar ba zai ƙare ba. Hukuma ba ta da fuska, talaka yana da ita. Har gobe da wannan dabara ake aiki.

Sai dai kisan bai faru a kan matakalar nan haka ba. Sojoji sun kashe mutane da yawa a Odessa a 1905, wannan gaskiya ne, amma fitowar matakala Eisenstein ne ya tsara ta. Kuma fim ɗin ya ƙare ne a lokacin da jirgin ya ratsa ta tsakiyar sauran jiragen yaƙi ba wanda ya harbe shi, ana ta sowa. A zahiri, 'yan tawayen sun yi ta yawo a teku babu gawayi babu abinci, a ƙarshe suka miƙa jirgin ga hukumomin Romaniya. Jagoransu, Matyushenko, rataye shi aka yi a 1907 bayan ya koma Rasha. Duk wannan yana bayan rubutun "ƙarshe".

Fim ɗinsa na gaba, October, ya fi wannan ma. An tara dubban mutane aka nuna su suna kutsawa fadar sarki a Petrograd a 1917, alhali ainihin kama fadar bai kai rabin wannan zafin ba. Daga baya masu shirye-shiryen tarihi suka riƙa yanko hotunan suna sawa kamar an ɗauke su ne a ranar. Gani ya kori ji. Trotsky kuma, wanda yana cikin waɗanda suka tsara juyin, an zare mafi yawan fitowarsa domin lokacin da ake haɗa fim ɗin ya riga ya ɓata da Stalin. Ingila ta hana nuna Potemkin a sinimominta har 1954. Goebbels, ministan farfagandar Hitler, yabonsa ya yi, ya so a yi wa Jamus irinsa. Salon ba ya tambayar aƙidar mai amfani da shi.

Fim ɗin da kowane ɓangare ya mayar da shi makaranta

In za a zaɓi fim ɗaya a wannan fage, The Battle of Algiers ne, na Gillo Pontecorvo ɗan Italiya, wanda ya fito a 1966, shekara huɗu bayan Aljeriya ta samu 'yanci. An ɗauke shi a lungunan Kasba, tsohuwar unguwar babban birnin Aljeriya, inda abin ya faru, ba launi, kyamara tana rawa kamar ta ɗan jarida, kuma kusan duk 'yan wasan ba sana'arsu ba ce. Saadi Yacef, wanda ya jagoranci mayaƙan FLN, ƙungiyar da ta jagoranci yaƙin neman 'yancin Aljeriya, a birnin, yana cikin masu shirya fim ɗin, ya kuma fito a matsayin wani mai kama da kansa.

Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne bai wanke kowa tas ba. Akwai inda mata uku 'yan gwagwarmaya suka cire lulluɓi, suka gyara gashi, suka yi shigar Turawa don su wuce shingen sojoji da bama-bamai a kwanduna. Kafin bam ya tashi a gidan shan shayi, kyamara ta bi fuskokin waɗanda za su mutu ɗaya bayan ɗaya, samari da 'yan mata suna hira, ga yaro yana lasar askirim. Mai kallo ya san dalilin matan, domin ya ga yadda aka tayar da bam a unguwar Larabawa da dare aka ciro gawarwakin yara, amma ba a bar shi ya kawar da kai daga wannan yaron ba. Kiɗan makoki iri ɗaya aka sa wa mamatan ɓangarorin biyu. A ɗaya gefen kuma an nuna azabtarwar da sojojin Faransa suka yi, da ruwa da lantarki da wuta, an kuma bar kanar ɗinsu ya kare kansa a gaban 'yan jarida da hujja mai sanyi: in kuna son Faransa ta zauna a Aljeriya, to ku amince da abin da zaman ke bukata.

Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venice, amma sai a 1971 aka fara nuna shi a sinimomin Faransa. 'Yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panthers a Amurka sun nazarce shi don koyon yadda ake tsara ƙungiya ƙananan rukunai, kowa bai san fiye da mutum biyu ko uku ba. Jami'an tsaro kuma, irin na Amurka da aka ambata a farko, sun nazarce shi don koyon yadda ake warware irin wannan saƙa, da yadda za ka ci yaƙi a unguwa ka faɗi a siyasa. Domin abin da ya faru ke nan: Faransa ta murƙushe FLN a birnin a 1957, sai ga jama'a sun ɓarke da kansu a Disambar 1960, aka kai ga 'yanci a 1962.

Nan fim ya tsaya, mata suna guɗa suna kaɗa tuta. Babu maganar kashe-kashen da aka yi tsakanin FLN da magoya bayan Messali Hadj, waɗanda su ma 'yanci suke nema. Babu maganar Aljeriyawan da suka yi wa Faransa aikin soja, da abin da ya same su bayan tafiyar Turawa. A shekarar da aka ɗauki fim ɗin ma, 1965, ministan tsaro Boumediene ya hamɓarar da shugaban ƙasa Ben Bella, wato 'yan juyin sun fara cin junansu tun kyamara ba ta bar gari ba. Wannan bai rage wa aikin kyau ba. Amma fim ne na waɗanda suka yi nasara, kuma da saninsu aka yi shi.

Ladan kuturu

Tara dubban mutane da kayan sojoji da motocin zamanin da ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, shi ya sa sau da yawa gwamnati ce ke bayan irin wannan aiki. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, ya san sauran.

Fim ɗin Umar Mukhtar, Lion of the Desert, wanda Mustapha Akkad ya ba da umarni Anthony Quinn ya fito a matsayin shehin, gwamnatin Gaddafi ce ta zuba masa kuɗi, wajen dala miliyan 35. Abin da ya nuna na zaluncin Italiya a Libiya, sansanonin da aka tsare jama'a da rataye dattijon a 1931, duk ya faru. Italiya ta hana nuna shi, sai a 2009 aka haska shi a talabijin a can lokacin ziyarar Gaddafi. Amma mai biyan kuɗin yana da tasa bukatar: ya jingina mulkinsa da martabar Umar Mukhtar. Abin mamaki, da 'yan gabashin Libiya suka tashi a 2011, hoton Umar Mukhtar ɗin suka ɗaga a kan Gaddafi.

Gandhi na 1982, wanda ya kwashe kyautar Oscar takwas, gwamnatin Indiya ta ba da kaso mai tsoka na kuɗinsa. Ba abin mamaki ba ne da Nehru, firaministan Indiya na farko, ya fito fes, Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, ya fito da fuska a murtuke, su kuwa Ambedkar da Subhas Chandra Bose, waɗanda suka yi jayayya mai zafi da Gandhi a kan hanya da manufa, kusan babu ɗuriyarsu. Indonesiya ta yi nata a juye: a zamanin Suharto an yi wani dogon fim a 1984 da ya nuna 'yan kwaminis a matsayin dodanni, aka wajabta haska shi kowace shekara ranar 30 ga Satumba har faɗuwar gwamnatin a 1998, aka yi shiru a kan dubban ɗaruruwan mutanen da aka kashe a 1965 da 1966 da sunan kawar da su.

Inda babu gwamnati kuma, kasuwa ce ke tace labari, kuma tacewarta ba ta da ofis balle a kai ƙara. Spike Lee kuɗi ya yanke masa yana tsakiyar haɗa Malcolm X na 1992, sai da fitattun baƙaƙen fata irin su Oprah Winfrey da Michael Jordan suka sa hannu a aljihu. Juyin juya halin Haiti, inda bayi suka kori iyayengijinsu suka kafa ƙasa a 1804, har yau bai samu babban fim ba, duk da shekarun da Danny Glover ya yi yana neman masu zuba jari.

Masu shirya fim na Afirka sun fi kowa sanin wannan, domin galibi tsohon ubangidan mulkin mallaka ne ke riƙe da kuɗin da sinimomin. Ousmane Sembène na Senegal da Thierno Faty Sow sun yi Camp de Thiaroye a 1988, a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, suka dawo suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Fim ɗin ya ci kyauta a Venice, amma ya yi shekaru bai samu shiga sinimomin Faransa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Med Hondo ɗan Muritaniya, da zai yi fim ɗin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, a Burkina Faso ta zamanin Sankara ya samu wurin ɗauka. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Burkina Faso, a 1987, shekarar da aka kashe Sankara.

Jarumi ɗaya, alhali aikin na dubbai ne

Mai kallo ya saba da jarumi da bos, in an kashe bos a tashi. Gwagwarmaya kuwa ba haka take ba. Ƙauracewa motocin haya da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery ta Amurka kwana 381 ta ɗauka, kuma abin da ya riƙe ta shi ne tsarin wa zai ɗauki wa a motarsa da asuba, da tara kuɗin mai, da matan da suka yi ta takawa a ƙasa zuwa wurin aiki. Taron kwamiti, rigimar kuɗi, lallashin wanda ya gaji, duk ba sa kyau a kyamara. Sai a tattara komai a ɗora wa mutum ɗaya mai iya jawabi.

Wani lokacin ma jarumin ba ɗan gwagwarmayar ba ne. Cry Freedom na 1987 an tallata shi da sunan Steve Biko, amma Biko ya mutu tun fim bai yi nisa sosai ba, sauran labarin yadda wani ɗan jarida farar fata ya tsere da iyalinsa daga Afirka ta Kudu ne. Mississippi Burning na 1988 ya mayar da jami'an FBI gwarzayen kare haƙƙin baƙaƙe, hukumar da a zahiri ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King tana neman ɓata shi. Hujjar masu kuɗin ita ce sai da fuskar da mai sayen tikiti zai ga kansa a ciki. Hujja ce ta ciniki, kuma tana da sakamako: mai kallo ya tashi da tunanin cewa waɗanda aka zalunta jira suke a zo a cece su.

Selma na 2014, na Ava DuVernay, ya yi ƙoƙarin gyara wannan. Ya nuna lissafin da ke bayan tattakin neman 'yancin zaɓe da baƙaƙen Amurka suka yi daga garin Selma a 1965, yadda aka zaɓi garin da gangan domin an san shugaban 'yan sandansa mai saurin hannu ne kuma kyamarorin talabijin za su ɗauka, ya nuna saɓanin dattawa da matasa. Duk da haka bai tsira ba: waɗanda suka yi aiki da shugaban Amurka na lokacin, Johnson, sun ce an rage masa rawar da ya taka. Wani abin dariya mai ciwo kuma, jawaban King da ke cikin fim ɗin ba nasa ba ne kalma da kalma, domin an riga an sayar wa wasu kamfanoni izinin amfani da su, dole aka rubuta masu kama da su. A Chile ma an yi irin wannan muhawara a kan No na 2012, wanda ya nuna kamar masu tallan talabijin ne suka kayar da shugaban mulkin soja Pinochet a ƙuri'ar raba gardama ta 1988. Waɗanda suka sha ɗauri, da waɗanda suka bi gida-gida suna yi wa miliyoyin mutane rajista, ba su ji daɗi ba.

Washegarin nasara

A ganina, a nan ake gane fim mai gaskiya. Kowa yana iya nuna faɗuwar azzalumi. Kaɗan ne ke da ƙarfin halin barin kyamara a kunne har gari ya waye.

Sembène ya yi haka a Xala na 1975. Fim ɗin ya buɗe da 'yan kasuwar ƙasa sun kori Turawa daga zauren 'yan kasuwa, sun fitar da gumakansu waje, jama'a na kiɗa da rawa. Ba a jima ba Turawan suka dawo ta ƙofa, kowannensu da jaka, suka ajiye wa kowane sabon shugaba tasa a gabansa. Aka buɗe, kuɗi ne maƙil. Sababbin shugabannin sun riga sun sauya zuwa kwat, 'yan sanda kuma suna korar masu rawar daga bakin ƙofa. Cikin 'yan mintuna ya faɗi abin da littattafai suka yi ta faɗa a kan 'yancin tuta. Tsugune ba ta ƙare ba. Hukumar tace fina-finai ta Senegal sai da ta yanke wasu wurare kafin a nuna shi.

Ken Loach ya bi yaƙin 'yancin Ayalan a The Wind That Shakes the Barley na 2006 har bayan yarjejeniyar 1921, inda 'yan'uwa biyu da suka yaƙi Ingila tare suka rabu a kan ko a karɓi rabin 'yanci, ƙarshe wan ne ya ba da umarnin harbe ƙanensa. Persepolis na 2007, wanda zane ne, ya nuna iyalin da suka yi murnar faɗuwar Shah na Iran a 1979, sannan sabuwar gwamnati ta kashe ɗan'uwansu da ya sha ɗauri a hannun tsohuwar.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne The Square, fim ɗin da aka ɗauka a zahiri a dandalin Tahrir na Alƙahira. Da an tsaya ranar 11 ga Fabrairu 2011 da Mubarak ya sauka, da labarin nasara ne. Jehane Noujaim ta ci gaba da ɗauka, ta nuna fim ɗin a farkon 2013, sai ga sojoji sun cire Mursi a watan Yuli, dole ta koma Masar ta sake ɗauka ta sauya ƙarshen. Fim ɗaya, ƙarshe biyu a shekara guda, ma'ana biyu. Kuma ko na biyun an soke shi da cewa ya fi karkata ga matasa masu ra'ayin boko, bai yi wa 'Yan'uwa Musulmi adalci ba. Da ta ƙara shekara ɗaya, da wani fim ɗin ne kuma daban.

To, yana fito da mutane titi ko a'a?

Masu cewa e suna da abin nunawa. A Indiya, bayan fitowar Rang De Basanti a 2006, wanda ya haɗa labarin su Bhagat Singh, 'yan gwagwarmayar zamanin mulkin Ingila, da na matasan zamani, mutane sun yi gangamin kunna kyandir a Ƙofar Indiya da ke Delhi kamar yadda aka yi a fim ɗin, suna neman a sake shari'ar kisan Jessica Lal, aka kuwa sake. Waƙar Les Misérables ta zama ta masu zanga-zangar Hong Kong. A Koriya ta Kudu, fim a kan kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a birnin Gwangju a 1980 ya sayar da tikiti sama da miliyan 12 a 2017, wani kuma a kan juyin mulkin 1979 ya wuce miliyan 13 bayan fitowarsa a 2023. Da shugaba Yoon ya ayyana dokar soja daren 3 ga Disamba 2024, jama'a suka kwarara zuwa majalisa, cikinsu har da matasan da ba a haife su ba lokacin mulkin soja, amma sun san kamanninsa.

Masu cewa a'a suna cewa fim ɗin bore yana iya zama maganin bore: ka biya kuɗi, ka yi fushi na awa biyu a kujera, ka fito zuciya ta yi sanyi. Suna kuma nuna fuskar roba ta V for Vendetta da masu adawa da manyan kamfanoni ke sawa, alhali kamfanin Warner Bros ne ke da haƙƙin siffar, yana samun rabonsa a duk wadda aka saya ta halal.

Ni dai ban ga inda fim ya haifar da bore ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yunwa, rashin aiki, zalunci da toshe hanyar gyara su ke fito da mutane. Abin da fim ke bayarwa biyu ne. Na farko alama, wadda baƙi biyu za su gane juna da ita ba tare da magana ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ajiyar tuni. Patricio Guzmán ya ɗauki watannin ƙarshe na gwamnatin Allende a Chile, aka fitar da faifan a ɓoye bayan juyin mulkin 11 ga Satumba 1973, aka haɗa shi a Kuba. Mai riƙe masa kyamara, Jorge Müller, an kama shi a 1974 ba a sake ganinsa ba. Sai bayan shekara ashirin da wani abu Guzmán ya koma da fim ɗin ya nuna wa ɗaliban da ba a taɓa koya musu wannan tarihi ba. Gwamnatoci sun fahimci haka sarai. Shi ya sa China ta hana Lou Ye yin fim na shekara biyar saboda ya taɓo zanga-zangar Tiananmen ta 1989 a fim ɗinsa na 2006, alhali labarin soyayya ne.

Illar ga talaka mai kallo tana zuwa ta fuska biyu. Wanda ya ƙoshi da fina-finan da ke tsayawa ranar nasara zai ɗauka in an cika dandali an gama, ba zai tambayi wa zai riƙe ragama gobe ba, kuma a Masar masu tsari, wato soja da 'Yan'uwa Musulmi, su suka gaji abin da marasa tsari suka kayar. Wanda kuma ya ƙoshi da masu nuna cewa kowane juyi cin amana ne a ƙarshe, zai naɗe hannu ya ce duk ɗaya ne, wanda hakan ma ba gaskiya ba ne, domin tattakin Selma ya haifar da dokar kare 'yancin zaɓe a 1965, kuma Pinochet ya sauka.

Da kyamara ta koma aljihun kowa

Yanzu ba sai an jira darakta ba. Masu zanga-zanga da kansu suke ɗaukar abin da ke faruwa da waya, masu shirya fim kuma su zo su tsinta. Mohammad Rasoulof na Iran ya saka ainihin hotunan waya na zanga-zangar 2022, wadda ta biyo bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sanda, a cikin fim ɗin da ya ɗauka a ɓoye, ya kuma tsere daga ƙasar a 2024 bayan an yanke masa ɗaurin shekara takwas.

Wannan ya rage ikon masu kuɗi a kan wa zai ɗauki hoto, amma bai kawar da zaɓe ba: bidiyon daƙiƙa talatin ma yana da inda aka fara shi da inda aka yanke, kuma ba ya nuna abin da ya faru kafin a danna. Ya kuma kawo wani haɗari da su Eisenstein ba su sani ba. Fuskar da ke sa mai kallo tausayi ita ce shaidar da mai gabatar da ƙara zai kai kotu. Shi ya sa a fina-finan zanga-zangar Hong Kong ta 2019 za ka ga an dusashe fuskoki, an ɓoye sunayen ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu, Revolution of Our Times, an nuna shi a bikin Cannes a 2021, amma ba a iya haska shi a Hong Kong, inda a shekarar aka gyara dokar tace fina-finai ta yadda hukuma za ta iya janye izinin fim ko da an riga an amince da shi a baya, in ta ga ya saɓa wa tsaron ƙasa.